Yadda ake tsara yinin wasan zamiya a Val Thorens cikin watan Afrilu

A watan Janairu, dusar ƙanƙarar da mai zamiya ya tarar da safe ita zai bari da yamma. A Afrilu kuwa, hanya ɗaya takan sauya hali sau uku kafin la'asar. Da safe ta daskare ta yi tauri, da hantsi samanta ya yi laushi, bayan azahar ta jiƙe ta yi nauyi. Ta tsakiyar ita ce mai daɗi, kuma a kowane gangare ba ta cika wuce awa ɗaya zuwa biyu ba. Saboda haka a wannan lokaci agogo ake bi, da gefen da gangare yake kallo, da tsayinsa. Wanda ya iya haɗa ukun nan zai yini a kan dusa mai kyau. Wanda bai iya ba zai sha ƙanƙara da safe, ya sha caɓi da yamma, a kan dutse ɗaya kuma da kuɗin tikiti ɗaya.

Mun ɗauki Val Thorens ne domin yana cikin wuraren da ke kaiwa farkon Mayu a buɗe. Ƙauyen yana yankin Savoie na Faransa, a tsayin mita 2,300, kuma babu ƙauyen zamiya a Turai da ya fi shi bisa. Don a gane tsayin, Chappal Waddi na jihar Taraba, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Motocin kebul da kujerun da ke jan mutane sama suna kaiwa wajen mita 3,200, kamar a ƙololuwar Cime Caron. Wurin yana cikin haɗakar Les 3 Vallées, wato kwaruruka uku, mai hanyoyin da suka kai kilomita 600, amma Méribel da Courchevel na sauran kwaruruka biyun suna rufewa tun cikin Afrilu, don haka kada ka sayi tikitin kwaruruka uku sai ka tabbatar mahaɗar tana aiki. Jirgin ƙasa yana tsayawa a Moûtiers, daga nan bas ke hawa da mutane kimanin kilomita 37.

Daren jajibiri

Ingancin gobe a daren yau ake yanke shi. Da rana zafi yana narkar da saman dusar, ruwan ya ratsa tsakanin ƙwayoyinta. Idan dare ya yi garau babu gajimare, dusar takan saki zafinta zuwa sama, ruwan ya daskare ya ɗaure ƙwayoyin su zama ɓawo mai kauri. Idan aka maimaita haka kwanaki a jere, ƙwayoyin sukan girma su yi kamar tsakin masara. Washegari rana ta sassauta santimita 2 zuwa 5 na sama, ƙasan kuma yana nan daram. Wannan ita ce dusar da ake nema: bakin allo, wato dogon katakon zamiya da ake ɗaurawa a kowace ƙafa, yana kama ta ba tare da ka nutse ba.

Abu uku za ka duba a hasashen Météo-France, hukumar hasashen yanayi ta Faransa. Na farko, gajimare cikin dare. Dare mai gajimare bargo ne ga dusar, ba ya barin ta daskare ko da iska ta ɗan yi sanyi, yayin da dare garau kan daskarar da ita ko da ma'auni ya nuna digiri 2 ko 3 sama da sifili. Na biyu, tsayin da sanyi ke kaiwa sifili, wanda za ka ga an rubuta isotherme 0°. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a kowane mita 1,000 da aka hau, to idan an ce layin sifili zai kai mita 3,000 da rana, ka san duk abin da ke kusa da ƙauye zai jiƙe da wuri. Na uku, sanarwar haɗarin zaftarewar dusa, wadda ake fitarwa kowace yamma da maki 1 zuwa 5. A Afrilu sau da yawa za ka ga maki biyu a rana guda, ƙarami da safe, babba bayan azahar.

A daren ne kuma ake shafa wa alluna kaki. Mutane da yawa suna raina wannan, alhali a jiƙaƙƙiyar dusa shi ne rabin aiki. Ruwan da ke tsakanin allo da dusa yana tsotse allon ya riƙe shi, shi ya sa za ka ji kamar an taka maka birki ba zato. Kakin da ya dace shi ne mai laushi na yanayin ɗumi, wanda aka rubuta sifili zuwa digiri 10 a jikinsa, galibi rawaya. Ana ɗiga shi da dutsen guga na musamman a zafin da aka rubuta a kwalin, wajen digiri 110 zuwa 120, a riƙa tafiyar da dutsen daga kai zuwa wutsiya ba tsayawa. In ya fara hayaƙi, zafin ya yi yawa kuma yana iya ƙona ƙasan allon. A bari ya huce aƙalla rabin awa, a kankare da makankarin roba har sai ba a ganin saura, sannan a bi da buroshi sosai. Buroshin ne ke buɗe ƙananan zanen da ke ƙasan allo, waɗanda ruwa ke bi ya fice. Wanda ya bar kaki da kauri yana ganin ya ƙara santsi, datti kawai ya tara wa kansa, domin dusar Afrilu cike take da ƙura da garin furen itatuwa da maiƙon injuna. Idan haya ka ɗauka, ka ce wa mai shago ya sa kakin ɗumi, ya kuma wasa bakin ƙarfen, don ƙanƙarar safe ba ta jin baki dakusasshe.

Kayan jiki da na ƙafa

Allo mai faɗin milimita 80 zuwa 90 a ƙarƙashin ƙafa ya fi dacewa da yinin gaba ɗaya. Siririn allo yana kama ƙanƙarar safe amma yana nutsewa da rana, mai faɗi sosai kuma yana wahalar da gwiwa a kan dusa mai tauri. Ga sabon shiga, tsawon allo ya tsaya tsakanin haɓa da hanci. Maƙalin da ke riƙe takalmi a kan allo mai shago ne ke saita shi bisa nauyinka da tsawonka da shekarunka da tsawon tafin takalmin da gwanintarka. Ka faɗa masa gaskiya. In ka ƙara wa kanka gwaninta zai ɗaure maƙalin da ƙarfi, ranar da ka faɗi a dusa mai nauyi allon ya ƙi sakin ƙafa, gwiwa ce za ta biya.

Safa ɗaya siririya mai tsawo ta isa. Safa biyu suna naɗewa su matse jini. A jiki, riga ta ciki ta ulu ko ta roba mai fitar da gumi, wata mara nauyi a kai, sannan jaket da wando masu hana ruwa kuma masu zif na shan iska. Auduga ba ta da wuri a nan, tana shan gumi ta kwanta a jiki, da ka hau kujera iska ta buga sai sanyi ya kama ka. Tsakanin ƙarfe 9 a ƙololuwa da ƙarfe 2 a ƙauye bambancin zafi yana iya haura digiri 15, don haka ƙaramar jakar goyo ta cire kaya da mayarwa tana da amfani. Safar hannu biyu, mai kauri ta safe da mara nauyi ta rana. Kada ka yi zamiya hannu tsirara ko da gajeren hannun riga komai zafi, domin manyan ƙwayoyin dusar nan suna ɗaye fata. Hular kwano ba a barin ta.

Safiya

Tun daga Lahadin ƙarshe ta Maris Faransa take tura agogonta gaba da awa ɗaya, har ta wuce Najeriya da Nijar da awa guda. Sakamakon haka rana ba ta kaiwa tsaka a Savoie sai wajen ƙarfe 1:30. Ƙarfe 9 da ake buɗe kujeru, a lissafin rana, 7:30 ne. Wannan ya sa gaggawar zama na farko a layi ba ta da riba bayan dare mai daskarewa. Motocin gyaran hanya sun bi dusar tun tana jiƙe da yamma, zanen da suka bari ya daskare, allo yana karkarwa a kai har haƙora su ji.

In ka fita da wuri, ka fara da hanyoyi masu alamar kore ko shuɗi, wato masu sauƙi, ka ajiye ja da baƙi masu tsauri. A kan ƙanƙara, nauyi yana kan allon da ke waje da kwana, ƙwauri yana danne da harshen takalmi, hannaye a gaba. Ka kwantar da bakin allo a hankali, kada ka sara shi da ƙarfi lokaci guda. Idan allo ya fara zamewa gefe, ka bar shi ya zame har ya iske inda zai kama, galibi a gefen hanya inda garin dusa ke taruwa. Babban haɗarin wannan lokaci shi ne faɗuwa a gangare mai tsauri, domin mutum yana iya sululu mita da yawa ba abin da zai tsayar da shi. Da ka faɗi, ka juyo ƙafafu su koma ƙasa da kai, ka danna bakin allo tun gudu bai ƙaru ba.

Bin rana

Ƙa'idar ita ce gabas, kudu, yamma, arewa, kuma daga ƙasa zuwa sama. Gangaren da ke kallon gabas shi ke fara samun rana, yakan yi laushi tsakanin 9:30 da 11. Mai kallon kudu yana biye, daga wajen 10:30 zuwa 12:30. Na yamma sai bayan tsakar rana, na arewa mai tsayi kuwa wani lokaci yakan riƙe busasshiyar dusar hunturu har ƙarshen kakar zamiya. Waɗannan lokuta na rana garau ne bayan dare mai sanyi. Iska mai ƙarfi tana jinkirta su, siririn gajimare mai riƙe zafi yana gaggauta su.

A Val Thorens, ɓangaren Plein Sud da ke saman ƙauye da kuma ɓangaren Orelle da ke bayan dutse su ne masu shan rana, don haka nasu lokacin hantsi ne. Yawancin sauran hanyoyin suna kallon arewa ko arewa maso yamma, abin da ya sa wurin ke daɗewa a buɗe. Fuskar Caron da ke kallon ƙauye da saman dutsen Péclet ka bar su sai tsakar rana zuwa gaba. Taswirar hanyoyi da ake rabawa kyauta zane ce, ba ta nuna gabas da yamma daidai ba, don haka ka duba kamfas ɗin waya ko ka tambayi ma'aikatan ceto da ke rumfunansu a saman kujeru. Su suka bi hanyoyin tun kafin a buɗe.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na sanda da takalmi. Ka soka sandarka. In tsininta ya ƙi shiga, da saura. In ta shiga ɗan yatsa biyu zuwa uku ta ci karo da tauri, lokaci ya yi, ka maimaita wannan hanya sau biyu ko uku kafin ta lalace. In ka cire allo ka taka takalmi ya nutse har ya wuce idon sawu, an wuce wurin, sai ka hau sama ko ka koma wata fuskar. Kunne ma yana taimakawa: ƙarar kankara tana nufin ƙanƙara, sautin shuu mai taushi shi ake so, in kuma ka fara jin ruwa yana fantsama, to dusar ta sha.

Abincin rana a jinkirta shi. Daga 10:30 zuwa 1:30 ne zuciyar yinin, bai kamata a ɓata shi a layin gidan abinci ba. Dabino da gyaɗa da cakulan a aljihu sun isa su riƙe mutum. Azahar ma a wannan watan sai bayan 1:30 take shiga, daidai lokacin da hanyoyin ƙasa suka fara lalacewa, to hutun guda ya ɗauke salla da abinci. A kula da abincin yankin: tartiflette da naman alade ake yin sa, haka tsiran diots, fondue kuma da farar giya ake narka cukunsa.

Idan dusa ta jiƙe

Nan ne mafi yawan gwiwoyi ke tafiya, domin gajiya da nauyin dusa suna haɗuwa. Jiƙaƙƙiyar dusa ba ta yarda a murɗa allo a kanta. Wanda ya saba juya wutsiyar allo da ƙarfi zai ga wutsiyar ta maƙale, jiki ya wuce, gwiwa ta murɗe. Jijiyar tsakiyar gwiwa ta fi tsinkewa idan mutum ya koma baya kamar zai zauna, sannan ya yi ƙoƙarin miƙewa alhali allo yana tafiya. In faɗuwa ta zo, ka bari ta zo, ka faɗi gefe, kada ka tashi sai ka tsaya cak.

Gyaran shi ne ka tsaya a tsakiyar allo, ba gaba sosai ba kamar na safe, ba kuma baya ba. Ka ɗan matso da ƙafafu kusa, ka raba nauyi kusan daidai a kan alluna biyu, ka yi kwana masu faɗi da zagaye inda kan allo ke yanka hanya wutsiya ta bi. Ɗan gudu yana taimakawa, tafiya a hankali ce ta fi gajiyarwa. Tudun dusar da mutane suka tara a ratsa su da gwiwa a sake da ciki a ɗaure. Ka sa ido a kan launi: inda ya yi duhu ko yana ƙyalli ruwa ne, zai riƙe ka. Haka fita daga inuwa zuwa rana, allo yana gudu a inuwa, yana shiga rana ya ja birki. Ka ɗan tura ƙafafu gaba kafin ka tsallaka layin.

Ƙurar Sahara tana ƙara dagula lissafi. Iskar kudu kan ɗauko ta ta tsallaka Bahar Rum ta zube a tsaunukan Alps, kamar yadda aka gani a Fabrairun 2021 da Maris ɗin 2022 lokacin da dusa ta koma ruwan ƙasa. Hamadar da ke turo mana hazo ce dai. Dusa mai ƙura tana shan zafin rana fiye da fara, tana narkewa da wuri, tana kuma cinye kaki cikin 'yan sa'o'i. A irin wannan mako, ka yi komai da wuri fiye da lokutan da aka ambata, ka ajiye ɗan kakin gogawa a aljihu.

Rana, ruwa da tsayi

Hasken rana mai ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowane mita 1,000, sabuwar dusa kuma tana mayar da har kashi 80 cikin 100 nasa sama. Baƙar fata tana da kariya, amma ba ta hana ƙuna a mita 3,000 ba, kuma ido ba ruwansa da launin fata. Ka shafa man kariya mai lamba 50 minti 20 kafin fita, ka sake duk awa biyu, har da ƙarƙashin hanci da haɓa da kunne da leɓe, tunda hasken daga ƙasa ma yake zuwa. Tabarau ya zama mai lamba 3 ko 4, mai rufe gefe. Mai lamba 4 ba a tuƙi da shi. Ƙunar ido ba a jin ta a kan dutse, sai bayan awa 6 zuwa 12 mutum ya farka cikin dare ido yana hawaye kamar an zuba yashi. Takan warke cikin kwana ɗaya ko biyu a ɗaki mai duhu, amma in gani ya ragu a je asibiti.

Iskar tsauni busasshiya ce, sanyi kuma yana ɓoye ƙishirwa. Lita 2 zuwa 3 a yini, kaɗan-kaɗan a kan kujera. A tsayin ƙauyen, iskar da ake shaƙa kusan kashi uku cikin huɗu ce ta bakin teku, don haka ciwon kai da rashin barci a daren farko ba abin mamaki ba ne. Ranar farko a tsaya ƙasa-ƙasa. Mai cutar sikila kada ya shirya wannan tafiya sai da izinin likitansa. Mai rukunin jini AS ma ya sani cewa tsayi da rashin ruwa da aikin ƙarfi suna iya toshe jinin saifa. Ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu dalili ne na sauka da neman likita nan take.

Bayan igiya, da ranar da lissafi ya ƙi

Hanyoyin da aka yi wa alama ma'aikata ne ke tsare su daga zaftarewa. Da ka tsallaka sandunan gefe, kai ke da kanka. Zaftarewar jiƙaƙƙiyar dusa tana tafiya a hankali amma nauyinta yana karya ƙashi, kuma in ta tsaya ba ta tonuwa da hannu. Alamunta dunƙulen dusa da ke gangarowa da kansu daga ƙarƙashin duwatsu, da takalmi da ke nutsewa har ƙwauri. Masu fita waje suna ɗauke da na'urar nemo wanda dusa ta binne, da shebur, da doguwar sandar bincike, suna tafiya da jagora, kuma suna barin gangare masu shan rana kafin tsakar rana. A kan daskararren kogin ƙanƙara akwai ramuka da dusa ta rufe bakinsu, zafin Afrilu kuma yana raunana murfin. Allon da aka rubuta fermé yana nufin an rufe, ko da ka ga sawun wasu.

Idan dare bai daskare ba, saboda gajimare ko ruwan sama ko iskar kudu mai ɗumi, babu dusar hantsi a ranar. Ka hau can sama tun buɗewa, ka tsaya kan hanyoyin da aka gyara, ka daina da wuri. Idan kuma sabuwar dusa ta sauka, wanda yakan faru a Afrilu har a Mayu, lissafin ya juye: ka fita da farko, domin awa ɗaya ta rana ta isa ta mayar da ita mai danƙo. In hazo ya rufe, sandunan gefen dama na mai gangarowa suna da launin ruwan lemo a kansu, da su ake gane hanya.

In wani ya ji rauni, a kafa alluna biyu a gicciye sama da shi, a kira lambar ceto da ke jikin taswira ko 112, a faɗi sunan hanya da lambar allon alama mafi kusa. Kada a cire masa takalmi ko a ɗaga shi. Ceto a kan hanya a Faransa ba kyauta ba ne, yana cin ɗaruruwan yuro, kuma inshorar biza ba lallai ta ɗauki wasan zamiya ba. Ana sayar da inshorar Carré Neige tare da tikiti kan 'yan yuro a rana.

Tashi

Tsakanin 2:30 da 3:30 yawancin mutane ya kamata su tsaya. Wanda ya tsallaka Orelle ko wani kwari ya duba lokacin kujerar ƙarshe da aka rubuta a gindinta, ya bar wa kansa rarar minti 45, domin dawowa ta titi daga Orelle zagaye ne na sa'o'i a tasi. Hanyoyin shiga ƙauye su suka fi cunkoso da caɓi a wannan lokaci, kuma doka ita ce wanda ke gabanka shi ke da hanya. Daf da rufewa, inda inuwa ta sauka yakan fara daskarewa da duk ramukansa, wanda ya fi ƙanƙarar safe muni. Saukowa cikin motar kebul, inda akwai ta, ba abin kunya ba ne.

A masauki, a goge alluna da tsumma, musamman bakin ƙarfen, don tsatsa tana kama shi cikin dare ɗaya. A zaro cikin takalmi ya bushe nesa da hita, zafi kai tsaye yana lanƙwasa shi, a kuma ɗaure maɓallan takalmin sako-sako don robar ta riƙe siffarta. In wannan ce fitar ƙarshe ta shekara, a wanke ƙasan allo ta hanyar narka kaki mai laushi a kankare shi tun yana da ɗumi, sau biyu ko uku har ya daina fitowa da datti. Sannan a shafa wani mai kauri har ya rufe bakin ƙarfe, a bar shi ba kankarewa, a jingine allunan a wuri busasshe mara zafi har Nuwamba.